Ɓerayen Akurkin Bodil

Yayana Ejvind mutum ne da ba ya iya ganin ƙusa a karkace ya wuce. Duk rayuwarsa a gyaran injinan kamfanin madara ya yi ta, da ya yi ritaya kuma sai ya juyo da wannan hali kan gidansa da ke bakin ƙauyenmu, a yammacin Yutland. Kajin gidan na matarsa Bodil ne. Tun farkon aurensu take kiwonsu a bayan gida, jajaye da wake-wake, kowace da sunanta. Shi nasa shi ne akurki da ɗan ɗakin katako da ake ajiye abincinsu.

Shinge ɗaya ya raba su da Asger, abokin Ejvind tun suna 'yan makaranta. Matar Asger ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tana aure a birni, abin da ya rage masa su ne tantabarun tsere da ya gada daga mahaifinsa. Buhunan masara da waken da yake ba su suna jibge a wani tsohon sito da ya jingina da shingen.

A kakar da nake ba ku labari, ana gama girbin sha'ir ɓerayen gona suka fara shigowa gidaje kamar yadda suka saba in sanyi ya kunno kai. Kowa yana samun rabonsa, a ɗana tarko, a kama 'yan kaɗan, a manta. Amma na gidan Ejvind suka ƙi ƙarewa. Ya zubar da buhuna ya sayo durom na ƙarfe mai murfi. Ya toshe ramuka da siminti, ya zagaye akurkin da ragar waya, ya ɗaga shi a kan bulo. Guba dai ya ce ba zai sa ba, saboda kajin suna tsince-tsince. Sai tarkuna, ya jera su a jikin bango, kowanne da ɗan guntun cakulan. Kullum sai ya tarar sun tsinke babu komai a ciki, murfin durom a ɗage, ga kashin ɓera kamar an watsa baƙar shinkafa.

Wata Lahadi bayan coci na biya shan kofi, na same shi yana huci.

Ya ce, "Gudrun, waɗannan ba ɓeraye ba ne, injiniyoyi ne. Murfin da ni kaina sai na sa hannu biyu!"

Na ce, "To Yaya, ka ɗauke su aiki mana."

Bodil ta yi ta dariya har da share hawaye. Ta tashi kawo madara, ta dawo da ƙwai biyu a hannu tana kallonsu. Ejvind ya karɓe yana tsokanarta, wai kaji sun cinye mata hankali.

Da abin ya ishe shi, sai ya bi sawun ɓerayen, ya ga hanyarsu ta bi ta ƙarƙashin shinge zuwa siton Asger. Shi ke nan, ya samu mai laifi. Ina gidan ranar da suka yi ta a bakin shinge, ina tsinkar tuffa, na ji komai.

Ejvind ya ce, "Kai tsohon banza, otal ka buɗe wa ɓeraye? Su kwana a wurinka, su zo wurina cin abinci?"

Asger ya ce, "In otal ne, ai da ka gode mini, na rage maka baƙi."

"Ba wasa nake ba. Ka kwashe buhunan nan."

Asger mutum ne mai nauyin baki, sai ya juya magana a ciki kafin ya fito da ita. Ya cire hula, ya sosa kai, ya rage murya ya ce, "Ejvind, bar zancen buhu tukuna. Ka lura da Bodil kuwa kwanakin nan?"

"Me ya sami Bodil?"

"Ina ganinta a bayan akurki, kuma..."

"Kana leƙen matata ta shinge ke nan? Na ce ka gyara ƙazantarka, ka koma kan matar da ta fi kowa tsabta a ƙauyen nan? Tir, Asger. Ban zaci haka daga gare ka ba."

Asger ya mayar da hularsa, ya juya ya shiga gida.

A makon nan Ejvind ya kai ƙara ƙaramar hukuma. Na roƙe shi kada ya yi, ya ce doka ce, ba shi ya kafa ta ba. Aka turo wata ma'aikaciya mai ladabi, ta duba siton, ta ga abin da za a gani a kowane tsohon sito. Ta ce sai an daɓe ƙasa da siminti, an sake bango, an daina ajiye hatsi a buhu. Asger kuwa gwiwoyinsa sun gama aiki, ko keke ya daina hawa. Bai yi gardama ba. Ya kira wani mai kiwon tantabaru daga can arewa, mutumin ya zo da mota ya kwashe su duka. Aka rushe siton. Bayan 'yan kwanaki wasu daga cikin tsofaffin tantabarun suka tsere suka dawo, suka jeru a kan rufin Asger suna neman ƙofar da babu ita. Sau biyu mutumin yana dawowa ɗaukarsu. Ejvind ya gan su, ya sauke labule.

Ɓeraye kuwa ko gezau. Sai ma ƙaruwa da suka yi.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka ranar da na kawo musu burodin da na gasa. Ejvind ya tafi kanti sayen wasu tarkunan, ƙofa a buɗe, Bodil ba ta ciki. Na zagaya baya. Na same ta durƙushe a bayan akurki, babu rigar sanyi, ƙafa ɗaya da silifa ɗaya babu. Aljihun rigarta cike da alkama, tana ɗiba tana zubawa a bakin wani rami.

Tana cewa, "Ku fito, 'yan tsakina, ku fito ku ci. Uwarku ta yar da ku, ko? Ni ban yar da ku ba."

Ga ɓeraye nan ƙanana suna ci a gaban gwiwarta, ba sa ko tsoronta. A gefenta akwai cokalin katako. Ta ɗauka ta taɓa tarkon da ke kusa, ya tsinke, ta ture shi gefe. Da ta ɗago ta gan ni, ta sa yatsa a baki.

Ta ce, "Kada ki faɗa wa mutumin nan. Mugu ne, kashe 'yan tsaki yake yi."

Na ce, "Wane mutum, Bodil?"

"Mai gyaran nan da yake kwana a gidanmu."

Muna nan Ejvind ya shigo da leda a hannu.  Ya tsaya yana kallon alkamar, da cokalin, da ƙafarta da ta yi ja don sanyi. Ya ajiye ledar, ya tuɓe rigarsa ya yafa mata, ya ce, "Taso mu shiga ciki, sun ƙoshi."

Da muka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ya jima yana cinta. Ya ce da an zo da wuri akwai maganin da kan ja wa mutum lokaci, ko da ba ya warkarwa. Ejvind ya tambaye shi wane irin lokaci, likitan ya ce ba wanda zai iya cewa. Wannan amsar ta fi komai damunsa. A hanyar dawowa Ejvind ya ce mini, "Wata da watanni ina rarrafe ina leƙen rami, Gudrun. Tana zaune a gabana a tebur."

Washegari ya ce in raka shi gidan Asger, wai ƙafarsa ba za ta kai shi shi kaɗai ba. Asger ya buɗe ƙofa, ya ba mu kujera, ya ɗora ruwan kofi. Ejvind ya faɗa masa komai a tsaye, hula a hannu.

Asger ya ce, "Na sani. Tun ana girbi nake ganinta."

"Me ya sa ba ka sake faɗa mini ba? Ka kama ni ka girgiza mana!"

"Na zo ƙofarka har sau biyu, na koma. Na ce kai ne mijinta, za ka gani."

Ejvind ya ce, "Zan gina maka sito sabo, da hannuna. In je arewa in dawo maka da tantabarunka."

Asger ya girgiza kai. "Mutumin ya raba su, wasu ma sun ƙetare teku. Bar shi kawai. Zauna ka sha kofi, ka tsaya mini a ka kamar ɗan sanda."

Ya zauna, suka sha, suka yi zancen Bodil tana budurwa, yadda take tsere da keke tana barin samari a baya. Babu wanda ya ɗaga murya. Amma ban ji Asger ya tsokane shi ko sau ɗaya ba bayan wannan, kuma Ejvind bai ƙara ce masa tsohon banza ba.

Kafin bazara Bodil ta fara fita titi ba ta san hanyar gida ba, dole aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Kajin ni na karɓe su. Asger ne ya riƙe mana ƙofar akurki muna kamawa muna sawa a kwali, yana gaya mini wadda take cin ƙwanta da wadda ba ta son a taɓa ta. A nan ya ce mana ya sa gidansa a kasuwa, zai koma wurin 'yarsa.

Ejvind ya ce, "Ranar tafiya ni zan kai ka."

Asger ya ce, "Surukina zai zo da babbar mota. Kai ka je wurin Bodil, ranar ziyara ce."

Haka aka yi. Da Ejvind ya dawo da yamma, an riga an tafi. Asger ya bar masa tsaninsa da wasu kayan aiki a jingine a bakin shinge, ya rufe su da leda saboda ruwa.