Mai Baƙar Riga, Ɗan Aiken Baba

Ni dai duk wanda zai zagi wasan gem, ya zage shi a bayan idona. In a gabana ne sai mun yi, don akwai wani ɗan leƙen asiri a cikin talabijin da ya yi mini abin da dangina kaf suka kasa.

Sunana Nu'uman, ni ne ɗan fari a gidanmu da ke Daura. Wanda ya san gidaje irin namu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunana ba. "Wancan" nake, in ransa ya yi fari kuma in zama "mutumin". Ba ya kallona ido cikin ido, ba ya aikena kai tsaye. Inna ma ta fi shi, in na shigo tsakar gida sai ta tuna tana da aiki a madafa. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, na kuma san da haka, amma sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba. Duk maganar da ke tsakanina da su, kakata Iya ce ke kai ta ta kawo, har da ƙarin gishirinta. Da Iya ta rasu sai gidan ya zama kamar an yanke waya.

Ba a jima da rasuwarta ba Baba ya faɗi a karar Mai'adua, inda yake dillancin shanu tun yana saurayi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, jinyar rana ta faɗo kaina, don ƙannena maza suna makaranta, ƙanwata Raihana kuma tana gidan mijinta a Mashi. Sai ga maza biyu a ɗaki ɗaya daga azahar zuwa magariba, shi yana kallon rufi, ni ina kallon ƙafata. In yana son ruwa sai ya yi tari. Na zama gwanin fassara tari.

Ana cikin haka wani kamfanin haɗa wutar sola a Kaduna ya kira ni aiki, aikin da na daɗe ina nema. Suka ce in ban je kafin ƙarshen wata ba za su ba wani. Ni kuwa ba zan taka ko tasha ba sai da yardar Baba. To wa zai kai maganar? Na hau babur har garin Babban Mutum wurin ƙanen Baba, Baffa Abbas. Ya saurare ni tsaf, ya ba ni fura mai sanyi, sannan ya ce shi kam ba zai iya tunkarar mara lafiya da zancen tafiyar ɗa ba, in ƙara haƙuri. Na dawo da cikina cike da fura da takaici.

Don kada shirun ɗakin ya haukata ni, na ɗauko na'urar gem ɗina na jona a talabijin ɗin Baba, na rage murya. Na yi tsammanin tarin da ke nufin "kashe", amma bai zo ba.

Wasan na wani ɗan leƙen asiri ne mai baƙar riga, da ake turawa ya shiga wuraren da aka tsare, ya ɗauko bayani ya fita. Abin da na fi so a cikinsa shi ne ba wasan gudu da harbi ba ne. In ka yi harbi ma ka ɓata aikinka. Sai ka laɓe a inuwa ka karanci masu gadi, wane ne ke zagayawa, wane ne ke tsayawa shan taba, wane ne ke waigowa ba dalili. Takunka a kan tsakuwa yana da ƙara, a kan ciyawa babu. Kana iya jefa kwalba gefe, mai gadi ya bi ƙarar, kai kuma ka sulale. Wanda ya fi kowa iyawa shi ne wanda ya shiga ya fita ba a san ma an zo ba.

Ni fa ban da haƙuri, kowa ya shaida. Rannan ina ta fitowa da wuri ana kama ni, ƙararrawa tana ta kuka, sai na ji murya daga kan gado.

"Kai mai baƙar riga, ina za ka? Ba ka ga na hagun bai juya ba?"

Na daskare. Na saci kallonsa, idonsa na kan talabijin, ko inda nake bai duba ba. Da ɗan leƙen asirin yake. Na mayar da mai baƙar riga bayan akwati, muka jira, na hagun ya juya, na wuce lafiya. Baba ya yi wani ɗan gyaran murya irin wanda yake yi in ciniki ya faɗa.

Daga ranar muka zama mu uku a ɗakin. Baba ya ɗauki masu gadin nan kamar shanu a kara, yana cewa wannan mafaɗaci ne a bi ta bayansa, wancan rago ne ko tsaki ba zai yi ba. Wani lokaci ya canka, wani lokaci ya kai mu ya baro, in an kama mu kuma ya ɗora wa mai baƙar riga laifi, wai ƙafarsa ta yi nauyi. Da farko ma abin da ya dame shi shi ne mutum yana shiga gidan mutane ba sallama. Sai da na yi wa mai baƙar riga bayani, da ƙarfi yadda na kan gado zai ji, cewa masu gidan azzalumai ne, sannan aka yi masa uzuri.

Inda muka yi rigima shi ne ranar da na lallaɓa na shaƙe wani mai gadi har ya suma. Baba ya ɓata rai sosai. Ya ce wa mai baƙar riga wannan bawan Allah abincin iyalinsa ya fito nema, me ya yi masa? Daga nan aka kafa doka, ba a taɓa kowa. Na so in yi gardama, don wannan ita ce hanya mafi wuya, amma abin mamaki wasan ya yarda da ita. Duk inda ka duba da kyau akwai wata taga, ko magudanar ruwa, ko wata inuwa da aka aje wa mai haƙuri. Waɗanda suka ƙera wasan nan, ko su wane ne, sun yi tunanin mutum irin Baba.

Likita ya ce a riƙa motsa yatsun hannun da ya shanye, don haka wani lokaci nakan aje hannun gem ɗin, wato abin dannawa, a gefen gado in fita alwala. In na dawo sai in tarar mai baƙar riga ya matsa daga inda na bar shi, yana ta tunkuyin bango.

Wata yana ta ƙarewa, maganar Kaduna tana cina. Wata la'asar muna laɓe a bayan wata mota a cikin wasan, na ji in ban faɗa yau ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na kafa ido a talabijin.

"Mai baƙar riga," na ce, "an kira ni aiki Kaduna. In ba a yarda ba, ba inda za ni."

Mai gadi ya zo ya wuce, ya sake dawowa. Can Baba ya ce hanya ta buɗe, a wuce. Bai ƙara komai ba, ranar da washegari da wanshekaren washegari. Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina shi ke nan, an ba ni amsa. Na fara shirya yadda zan kira kamfanin in ba su haƙuri.

Ranar da muka kai matakin ƙarshe, mun ɗauko abin da aka aike mu, saura fita. Ƙofa a buɗe, masu gadi duk sun ba da baya, jirgin ruwan da zai ɗauke mu yana jira. Ni kuwa na kasa dannawa. Na san in wasan ya ƙare, ɗan aikenmu ya tafi, mu koma tari da kallon rufi. Na bar shi durƙushe a inuwa.

Baba ya yunƙura ya gyara zama da kansa, abin da bai yi ba tun faɗuwarsa.

"Mai baƙar riga, ka gaya wa mutumin da ke riƙe da kai, laɓewar ta isa haka. Ka ce mishi ya tafi Kadunan. Ban riƙe shi da komai ba, jinya kuma ya yi, na gani. Allah ya yi mishi albarka." Ya ƙura wa talabijin ido. "Amma kai ka zauna, ba da kai za a tafi ba."

Ban iya cewa amin da ƙarfi ba. Na fitar da mai baƙar riga ta ƙofar ina ganinsa dishi-dishi, don hawaye sun cika mini ido. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Na bar na'urar a Daura. Baba ya sa an mayar masa da wasan farko, yana bugawa da kansa a hankali, yatsun kuma suna ƙara saki. In na kira waya ranar Juma'a, ba ya karɓa a kunne, Allah ya kiyaye. Sai a buɗe murya a aje wayar kusa da talabijin, in ji shi yana tambayar mai baƙar riga ko mutumin nasa yana cin abinci, ko yana sallah a kan lokaci. Ni ma in ba mai baƙar riga amsa.

A Juma'ar da ta wuce, bayan Baba ya gama, na ji motsi a bakin ƙofa, sannan wata murya ƙasa-ƙasa wadda ban taɓa jin ta nufo ni ba. Inna ce.

"Kai mai baƙar riga," ta ce, "ka tambaye shi ko yajin da na aika ya isa."