Gyaren da ke Cikin Amfilifaya

Mai Kunne ya ɗaga ƙarfen darma daga kan allon wayoyin, ya hure hayaƙin da ya taso masa, ya sake kunna amfilifayar. 'Yar fitilarta ta kawo ja. Ya karkata kai wajen lasifika, ya riƙe numfashi. Abin yana nan. Wani siririn kuka ne kamar na gyare a bayan randa, ba ya hawa, ba ya sauka.

"Kai, wannan abu da taurin kai yake," ya faɗa wa kansa.

Amfilifayar tsohuwa ce, jikinta katako, ga nauyi kamar dutsen niƙa. Hedimasta ne ya kawo ta, abokinsa tun suna samari, wanda yanzu ido ya hana shi karatu, ya koma neman tsofaffin faya-fayansa. Ta zo da gurnani mai kauri, kuma wannan bai ba Mai Kunne wahala ba. Manyan kafasitoci ne suka kumbura, ya canza su, ya wanke maɓallin murya da ke ƙarƙara, gurnani ya mutu. Sai wannan ɗan kukan ya rage. Hedimasta kuwa roƙo ɗaya ya yi masa: "Abin da ya mutu ka canza, abin da ke da rai ka bar mini shi. Muryarta ta da nake so."

Yanzu ga murfin gwangwani a gefen tebur, cike da taransistoci da 'yan ƙananan kayan da ya ciccire yana farautar kukan.

Ba a banza ake ce masa Mai Kunne ba. Sauran masu gyara mitar gwajin wuta suke fara ɗauka, shi kuwa sai ya saurara kawai, ya nuna wuri da bakin sukudireba ya ce nan ne, kuma nan ɗin ne. Amma 'yan watannin nan matarsa ta fara ƙorafin ana sallama ba ya amsawa. Autarsa, da ke aiki a ofishin ruwa, har ta nemo masa likitan kunne, ya yi mata faɗan da bai taɓa yi mata ba. Tsoro ne ya sa shi faɗan, shi ma ya sani. Mai gyaran sauti in kunne ya tafi, sai ya ja ƙofar shago ya koma gida zaman jiran abinci. Shi ya sa ya ƙudura a ransa cewa ranar da ya kashe wannan kukan, wanda ba kowane kunne ke kama shi ba, ba mai sake yi masa zancen asibiti.

Ya leƙa shagon da ke jikin nasa.

"Tela, zo ka saurara mini wani abu."

Tela ya shigo da zare a baki, ya kanga kunne, ya daɗe. "Ni dai ban ji komai ba."

"Ina za ka ji, kunnuwanka sun cika da ƙyalle."

"To, ai kai ne mai kunne. Amma ka sani, tsufa ba ya sallama." Ya fita yana dariya. Mai Kunne bai taya shi ba.

Ya koma bin abin daga tushe, yadda ya saba. Ya zare duk wayoyin da ke shigo da sauti, kukan bai motsa ba. Ya mayar da murya ƙasa ƙurmus, yana nan yadda yake. Ya lura daga hagu yake fitowa, sai ya sauya wayoyin lasifikun, ta dama ta koma hagu. Da laifin ɓangaren hagu na amfilifayar ne, da kukan ya bi waya ya koma dama. Bai koma ba. Ya ce to lasifikar ce, ya sauko da wata daga kan kanta ya jona. Hagu dai, hagu dai.

A nan ya kamata ya tsaya, wallahi. Da wani ne ya kawo masa wannan labarin, da kafin ya rufe baki ya ba shi amsa. Amma wanda ba ya son amsa, ko da ganga aka buga masa ita ba zai ji ba. Ya ɗauki ƙarfen darma ya cire wani taransistan.

Da rana ta take, Auta ta shigo da kwanon abincinsa, da yake hanyarta ce in ta fito hutun rana. Sai da ta taɓa kafaɗarsa ya san ta zo.

"Sannu da aiki, Baba. Har yanzu ita ce?"

"Ita ce. Ajiye kwanon, zo nan. Ke yarinya ce, kunnenki sabo. Me kika ji?"

Ta durƙusa gaban lasifikar, ta ɗage ɗankwali daga kunnenta. Ta daɗe fiye da Tela, don tana son ta ji wani abu ta faɗa masa.

"Baba, shiru nake ji."

"Shiru? Ga abu kamar zai huda kai, ki ce shiru? Ke da uwarki kun haɗa baki ne, so kuke ku mai da ni..."

Bai ƙarasa ba aka ɗauke wuta. Fanka ta yi 'yan juyinta ta tsaya. Keken Tela ya yi tsit a bayan bango. Jar fitilar amfilifayar ta dushe a hankali har ta mutu.

Gyaren bai fasa kuka ba.

Mai Kunne ya miƙa hannu ya zare filogin daga bango, ya riƙe shi a tafinsa yana kallo. Sannan ya ajiye, ya toshe kunnen dama da yatsa. Kukan na nan. Ya toshe na hagu, sai ya ƙaru, ya cika masa kai. Ya sauke hannun a hankali. Baƙin ciki ya taso masa, da kunya, da tsoron nan da ya daɗe yana korewa, yau ya samu kujera ya zauna.

Ya jawo murfin gwangwanin, ya motsa kayan ciki da yatsa.

"Duk lafiyarsu ƙalau," ya ce. "Tun ranar farko ta warke. Ni na zauna ina cire wa bawan Allah hanjin kayansa, bayan ya roƙe ni."

Auta ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta buɗe kwanon ta tura gabansa, ya girgiza kai. Ta duba agogo, lokacin komawarta ofis ya yi, ta jawo benci ta zauna.

Da aka dawo da wuta, ya jira ƙarfen ya yi zafi, ya shiga mayar da tsofaffin kayan ɗaya bayan ɗaya, kowane a raminsa. Hannun dai bai manta komai ba, darma na kwanciya sumul tana ƙyalli. La'asar ta yi kafin ya ɗaure sukurun ƙarshe. Ya kunna, bai karkata kai ba wannan karon. Auta ya kalla.

"Saurara mini. Hagu tukuna."

"Shiru."

"Dama fa?"

"Shiru, Baba. Tas take."

Ya ɗora faifan da Hedimasta ya bari don gwaji a kan garmahon shagon, ya sauke allura. Kiɗa ya cika shagon, mai taushi da zurfi, har Tela ya leƙo ya tsaya a bakin ƙofa. Mai Kunne ya ji kiɗan, ya ji gyarensa a kai, kuma ya gane tare zai riƙa jin su daga yau. Ya shafa katakon amfilifayar, ya rage murya.

"Likitan nan naki," ya ce, idonsa na kan tebur, "da safe yake ganin mutane ko da yamma?"

Auta ta ba shi amsa daga hagunsa. Ya ci gaba da naɗe waya yana jira. Sai ta tashi, ta zagaya ta bayan kujerarsa zuwa damansa, ta sunkuya ta sake faɗa.