Fayilolin Hawa na Huɗu

Wata bakwai kwamitin asibitin koyarwa yana zama kan magana ɗaya: a haɗe bayanan marasa lafiya wuri guda, kowane ma'aikaci ya buɗe kwamfuta ya ga komai. Shugabar sashen fayiloli, wadda kowa ke kira Anti, ta goyi baya tun farko, don ta gaji da bin likitoci tana roƙon katin da suka manta a aljihu. Abu ɗaya ta kafe a kai. Ta ce fayilolin hawa na huɗu, inda ake kwantar da masu larurar ƙwaƙwalwa, a yi musu makulli na daban.

Ba ta faɗi dalili ba. Shekara tara da suka wuce, bayan haihuwarta ta ƙarshe, sati shida ta yi a can. In ban da mijinta, duk dangi kwas ɗin ƙaro ilimi suka san ta tafi.

Ranar yanke shawara ɗakin taro ya cika, har da ƙaninta, likitan ƙashi. Farfesa, shugaban kwamitin, ya ce makulli jinkiri kawai zai kawo, ai ma'aikata duk sun yi rantsuwar riƙe sirri. Aka yi ta gyaɗa kai. Shi dai ko tari ya yi, sai an samu mai cewa haka ne.

"Anti, nuna mana mutum ɗaya da abin zai cutar," in ji shi. "In babu, mu ɗaga hannu."

Ta san mutanen kuwa: nas biyu, direban motar asibiti, wata malama a sashen tiyata. Amma a cikin duk sunayen da ta sani, ɗaya kaɗai take da ikon bayarwa. Hannuwa har sun fara tashi.

Ta juya ga injiniyan da ke nuna sabon tsarin a allon bango.

"Buga sunana."

Ya yi murmushi, ya zaci gwaji ne, ya buga. Sai ga lambar gado, ga magunguna, ga abin da ta faɗa wa likita tana kuka.

Farfesa ya sa aka kashe allon da sauri. Aka amince da makulli, ba wanda ya yi musu, ba kuma wanda ya iya kallonta.

A bakin ƙofa ƙaninta ya tare ta. "Yaya, kwas fa kika ce mana."

"Ka karanta ke nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ko minti ɗaya bai yi a allo ba," ta ce. "Kai ma ka yi rantsuwar, kuma ba ka ɗauke ido ba."