Kuskuren Ƙaramin Yatsa

"A'a," in ji mijinta daga kan kujerarsa.

Ta janye ƙaramin yatsanta daga tsirkiyar, ta ɓata fuska kamar ta ji haushi, alhali daɗi ta ji.

Shekara ashirin ya yi yana kaɗa jitar bes, mai tsirkiya huɗun nan, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun hagu, ta ɗaure masa harshe. Likita ta ce lallai ya riƙa magana kullum, in ba haka ba ɗan abin da ya rage ma zai tafi. An yi lallashi, an yi faɗa, mutumin nan ya kafe. Sai ranar da ta sauko da jitar za ta goge, ta ja tsirkiya da wasa, ya ce, "Ba haka ba."

Tun daga nan, kullum da hantsi take rufe keken ɗinkinta ta zauna gabansa, yana koya mata sautuka biyar ɗin da ake hawa a sauko. Manuni da ƙaramin yatsa a tsirkiyar farko, manuni da na zobe a ta biyu, sai manuni a ta uku. Yatsun da suka saba da allura ba su sha wuya ba, cikin wata biyu ta iya tsaf. Amma ta lura sai ta yi kuskure yake buɗe baki, don haka ta ci gaba da yin kuskure.

Yau kuwa hankalinta ya tafi kan wata riga da za a zo karɓa. Yatsun suka hau, suka sauko, ko gargada babu. Sai da sautin ƙarshe ya mutu ta farga.

"Sa'a ce kawai, Baban yara. Bari ka ji."

Ta sake, ta zame yatsan da gangan. Bai ce a'a ba. Ya daɗe yana kallon hannunta, sannan ya dubi nasa da ke kwance a cinya.

"Kin iya," ya ce da ƙyar. "Daina... tausayina. Ni... na gama... nawa."

Tun da ya kwanta bai taɓa yin doguwar magana haka ba. Ta san likita za ta yi murna in ta ji. Ta rungume jitar, ta kifa goshi a kanta, kuka ya ƙwace mata.