Minti Ashirin da Biyu na Malam Habila

"A makarantar nan babu addinin da zai fi wani, ko da da minti ɗaya ne." Haka Hedimasta Datti ya sanar ranar rabon kyaututtuka ta 1962, a wani ƙauye kusa da Paki, sannan ya ajiye agogonsa a kan tebur.

Liman ya buɗe taro da addu'a, ya ci minti ashirin da biyu. Hedimasta ya rubuta lokacin, ya kira Malam Habila, malamin aji uku, wanda shi kaɗai ne Kirista a garin.

Habila ya yi addu'ar da ya saba, ya shafa cikin minti biyu, ya juya zai zauna.

"Malam, saura ashirin," in ji Hedimasta ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ai na gama."

"So kake a ce mun danne ka?"

Ga rana ta take, ga iyayen yara sun baro noma. Habila ya sake rufe ido. Ya roƙa wa gero albarka, ya roƙa wa gyaɗa, ya bi unguwanni ɗaya bayan ɗaya, har jakin Sarkin Noma mai ɗingishi bai bari ba. Yana ji mutane suna tsaki, wasu suna tashi.

Bayan mako biyu dattawa suka rubuta ƙara zuwa ofishin ilimi cewa malamin aji uku ya tsare su da wa'azi. Hedimasta ya ƙara a ƙasan takardar cewa shi ma ya lura da hakan.

Aka yi wa Habila canjin makaranta. Ran Asabar ya ɗaure tabarmarsa da tukunya a bayan keke. Ya biya ya yi wa Liman sallama, ya kama hanyar makarantar da aka mayar da shi.