Kanta a Ɗakin Malam

Katakon maɗaci ɗaya, mai kauri. Rodi uku. Guduma, filam ɗin magina, rabin buhun siminti. Kwali biyu na littattafai. Jakar kayan sawa. Duk suna but ɗin Fijo lokacin da muka wuce Kwanar Huguma, ban da katakon, wanda ya ƙi shiga, aka ɗora mana shi a cinya mu na kujerar baya.

"Ɗan nan, gado za ka yi da shi?" in ji tsohuwar da ke gefena.

"Kanta ce, Iya."

"Ina ƙafafun?"

"Ba ta da su."

Ta kau da kai, ba ta sake yi mini magana ba har Dutse.

A Indiya na yi karatun likitan dabbobi. Ina can mahaifina, Malam, ya rasu, ina can aka ba mu jiha. Da na dawo na sami aiki a ma'aikatar gona. Ɗakin Malam a Limawa shi ne rabona na gado, amma makullin yana hannun ƙanensa, Baffa Yahuza, wanda ya bar ɗakin yadda mai shi ya bar shi. Tun ina Kano ya aiko mini cewa in nemi gidan gwamnati. Ban nema ba. Da na iso ya ba ni makullin, ya ce aro ne kafin in samu wuri.

Littattafai ba sa kwana a ƙasa a ɗakin nan, gara za ta gama da su kafin damina. Shi ya sa na fara da kanta. Irin wadda na gani a ɗakin kwananmu na ɗalibai a Indiya ce: rodi a cikin bango, katako a huje ta gefe, a zura shi, ba a ganin abin da ya riƙe shi. Bangon tubali ne da aka shafe da siminti. Na ja layi daidai idona, na huda da zurfi, na kafa rodin, na cusa siminti, na bar shi ya kwana. Washegari na zura katakon. Ya zauna daram. Na jera littattafai.

Gwaggo Rabi'atu, yayar Malam, ce ta fara shigowa. Ta leƙa ƙarƙashin kantar, ta leƙa samanta.

"Falalu, me ya riƙe ta?"

"Ƙarfe ne a ciki, Gwaggo."

"To Alhamdu lillahi. Na ɗauka har da tsibbu aka koya muku."

Baffa ya biyo bayanta. Bai kalli katakon ba. Ya zaro littafi ɗaya, ya buɗe, ya daɗe yana kallon shafin.

"Wannan fa?"

"Alade ne, Baffa. Kayan cikinsa."

"Na ga alade ne. Dubi ƙasa."

Na duba. Ƙasa da kantar, ɗan gefen hagu, gafakar Malam tana rataye a ƙusa, Alƙur'aninsa na rubutun hannu a ciki. Ya kafa ƙusar ƙasa-ƙasa ne don ya riƙa kai hannu daga kan buzu. Ni da tsayina na auna. Baffa yana da gaskiya, ba a ɗora komai sama da Alƙur'ani, balle wannan.

"Cire katakonka," ya ce. "Tun farko na gaya maka ɗakin nan ba ya ɗaukar kayanka."

"Siminti ya kama, Baffa. Sai dai a fasa bangon."

"Kai ma dai Yahuza," in ji Gwaggo, "a ɗaga gafakar mana. Ita ƙusar ma gado ce?"

"Yaya, hannunsa ne ya kafa ta. Ba mai taɓa ta ina raye."

Na sauke littattafan na mayar kwali. Baffa ya gyaɗa kai, yana ganin an gama. Na fita tsakar gida na yi alwala, na ɗauko turmi na shigo da shi. Na sauke gafakar da hannu biyu, na ajiye a kan kantar. Na zare ƙusar da bayan guduma. Ta lanƙwashe, na miƙar da ita a bakin ƙofa. Na kife turmin na hau, na kafa ta can ƙarƙashin azara, inda babu abin da zai fi ta tsayi a ɗakin. Na rataye gafakar. Sannan na mayar da littattafan kan kanta, har da na aladen.

"Ƙusarsa ce dai," in ji Gwaggo. "Ba a canja ba."

Baffa ya ɗaga kai yana kallon gafakar. "Yanzu wa zai kai hannu can?"

"Ni, Baffa."

Ya fita. A bakin ƙofa ya juyo ya miƙo hannu. "Ba ni makullin."

Na fito bayan Gwaggo. Na ja ƙofar, na sa kwaɗo, na jefa makullin a aljihu. Na ɗan rusuna.

"Baffa, a yi haƙuri. Ba zan nemi gidan gwamnati ba. A nan zan zauna."