Ranar da Baturiya Ta Ɗauki Taɓarya

Wata mata mai suna Baturiya masara take gasawa a bakin kasuwar Sabon Gari, mace ce mai sanyin hali wadda ko 'yarta Favour ba ta iya duka. Mijinta Nehemiah walda yake yi a Chikaji. A farkon damina tarin fuka ya kama ta, aka ɗora ta a kan magani na wata shida. Tari ya lafa, amma wani abu daban ya taso. Wuyanta da bayan hannuwanta suka yi baƙi suna saɓa kamar ƙuna, gudawa ta ƙi tsayawa, ta fara zagin masu sayen masara ba gaira ba dalili.

Wata Talata da hantsi Nehemiah ya dawo gida ɗaukar wani ƙarfe da ya manta, ya same ta a tsakar gida tana faɗa da bango. Ya kira ta, Maman Favour. Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta sunkuya ta ɗauki taɓarya. Dukan farko ya tare da hannu, ƙashin ya karye. Na biyu ya fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido, ya faɗi a kan turmi. Ta tsallake shi ta fita titin da ke bakin kasuwa, ta rotsa gilashin wani keke mai ƙafa uku, ta kai wa direban duka a kafaɗa.

Nan take mutane suka taru. Wata ta nuna baƙin wuyanta ta ce mayya ce, ga alama nan. Wani ya ƙwace taɓaryar ya maka mata a baya. Da ta faɗi sai katako da duwatsu suka biyo, ana shurinta a ciki tana ƙoƙarin cizon ƙafafunsu. Haƙoranta biyu suka zube a ƙasa.

Madam Clementina, wadda ke koyar da ilimin sinadaran jiki a jami'a a Samaru, busasshen kifi ta zo saya. Ta leƙa ta tsakanin kafaɗu, ta ga baƙin ya zagaye wuyan matar kamar sarƙa, daidai inda rana ke duka. Ta yar da ledarta ta kutsa, ta durƙusa ta rufe kan Baturiya da jikinta. Dutse ya same ta a kunne. Ba ta tashi ba, sai maimaitawa take cewa ciwo ne, ta san ciwon. Ana haka Nehemiah ya iso yana tangaɗi, hannu na lilo, ya kwanta a kan ƙafafun matarsa.

"Ni ta daka," ya ce. "Ni kuma ban ce a rama mini ba."

Ganin jininsa ya sa na gaba suka ja baya.

A mota, kan hanyar asibiti, an ɗaure hannuwan Baturiya da ɗankwali, Madam ta yi ta yi wa Nehemiah tambayoyi. Ya ce tuwon masara suke ci safe da yamma, wake da nama sun daɗe ba su shiga tukunya ba. Akwai wata 'yar ƙwaya da aka haɗa mata da maganin tari, ta ƙare tun tuni, ba su koma karɓa ba don sun ɗauka ta ƙarin jini ce. Tana kuma shan ƙwayar tazarar haihuwa tun yayen Favour.

Madam ta danne kunnenta da hankici, ta yi masa bayani a hankali. A cikin abinci mai gina jiki akwai wani sinadari da jiki ke juyawa ya zama bitamin ɗin da fata da ƙwaƙwalwa ke rayuwa da shi. Masara ba ta da shi da yawa. Juyawar kuma ba ta yiwuwa sai da bitamin B6, wanda maganin tari ke cinyewa, shi ya sa aka ba ta waccan ƙwayar. Sinadarin mata da ke cikin maganin tazara shi ma yana ƙara rage gudun aikin.

"Ke nan ba ta haukace ba, Madam?"

"Ƙwaƙwalwarta ce ke jin yunwa, Baban Favour. In an ba ta abin da ta rasa, za ta dawo."

Kwana huɗu da fara ba ta bitamin, Baturiya ta farka ta nemi ruwa cikin muryarta ta da. Ta ga filasta a hannun mijinta, ta tambaye shi ko inji ne ya kama shi a wajen aiki. Ya ce eh. Sai bayan mako biyu wata maƙwabciya ta faɗa mata gaskiya, ta yini ba ta ci abinci ba.

Haƙarƙarinta uku sun karye, idonta na hagu bai ƙara gani ba. Hannun Nehemiah ya warke a karkace, dole ya koyi riƙe abin walda da hagu. Kafin Kirsimeti suka tashi daga unguwar suka kama ɗaki a Hanwa, domin Baturiya ta gane fuskoki biyu cikin waɗanda suka jefe ta, kuma ɗaya daga cikinsu benci ɗaya suke zama a coci.